Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tsokaci a Kan 'Yancin Baƙon Ma'aikaci na Ajiye Aiki

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama na Abuja, idan ya kawo Sauka, zai hangi babbar hedikwatar Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya. A nan ne ake da iko da takardun dubban baƙi waɗanda suka zo ƙasar nan cin abinci: injiniyoyi da likitoci da malamai da masu dafa abinci a manyan otal. Kowane ɗaya daga cikinsu da sunan wani kamfani ya shigo, kuma da sunan kamfanin nan yake kwana yake tashi.

Tambayar da muke son dubawa a wannan ɗan tsokaci ita ce: idan baƙon da ya shigo da bizar aiki ya ga zama ya ƙi daɗi, yana da damar ya ce wa ubangidansa a kai kasuwa? Idan kuwa ajiye aikin zai jawo masa rasa wurin zama gaba ɗaya, shin yardar da yake nunawa kullum safiya yarda ce, ko kuwa dole ce ƙanwar na ƙi? Za mu fara da yadda tsarin yake, sannan mu auna hujjojin ɓangarorin biyu, mu waiwayi abin da magabata suka bar mana, kana mu faɗi inda ra'ayinmu ya karkata.

Birnin da Baƙi Suka Taya Ginawa

Abuja ta fi kowane gari dacewa da wannan tambaya. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu, kuma sai a ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta tare. A tsakanin waɗannan shekaru, wani rukunin kamfanonin Amurka ya tsara taswirar birnin, Kenzo Tange na ƙasar Jafan ya tsara tsakiyarsa, kamfanonin gine-gine irin su Julius Berger suka shimfiɗa hanyoyi da gadoji. Unguwar Life Camp ma daga sansanin ma'aikatan gini ta samo sunanta. A 2016 aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Mu kanmu da muke kiran Abuja gida, mafi yawanmu ci-rani ne ya kawo mu ko ya kawo iyayenmu. Saboda haka zancen baƙo a wannan gari zancen kowa ne.

Yadda Igiyar Take

Kamfanin da yake son ɗauko baƙo sai ya nemi izini daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a ba shi adadin guraben da zai cike da 'yan waje. Abin lura shi ne, gurbin na kamfani ne, baƙo aro aka ba shi. Sharaɗin da ke tare da shi kuwa shi ne a haɗa baƙon da 'yan ƙasa waɗanda za su koyi aikin a hannunsa, su gaje shi in ya tafi. Bayan ya shigo da bizar aiki, sai a daidaita zamansa, a ba shi katin izinin zama da aka fi sani da CERPAC. Kamfanin ne kuma yake rattaba hannu cewa ya ɗauki nauyinsa a gaban hukuma, har da kuɗin mayar da shi gida idan ta kama.

Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, ta ɗauki sauya wurin aiki ba da amincewar shugaban hukumar ba a matsayin laifi, haka ma sallamar baƙo ba tare da sanar da hukuma ba. Wanda yake son komawa wani kamfani sai sabon kamfanin yana da gurbi, kuma cikin takardun da aka saba nema har da shaidar cewa tsohon ubangida ba ya da ja. Ashe ke nan igiya ɗaya ce ta ɗaure abubuwa uku: albashi da muhalli da halaccin zama. In ta tsinke, duka ukun ne za su faɗi tare.

Mu ƙaddara wani injiniya ne ya zo daga nesa da matarsa da 'ya'yansa biyu, yara suna makaranta a Wuse, gidan da suke ciki na kamfani ne. Wata rana sai aka kawo masa takarda ya sa hannu cewa an yi wani aiki yadda ya kamata, alhali shi ya san an rage ƙarfe an ƙara yashi. Abokin aikinsa ɗan ƙasa zai iya ƙi, in an kore shi ya koma garinsu ya ci tuwon gidansu kafin Allah ya kawo wani aikin. Shi kuwa baƙo, in ya ƙi, ranar ce zai fara lissafin kuɗin jirgi da takardun makarantar yara. Su biyun an tambaye su abu ɗaya, amma farashin "a'a" ya bambanta.

Hujjar Masu Gida

Adalci ne mu saurari masu goyon bayan wannan tsari, domin maganarsu tana da nauyi. Ta farko, kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ya shigo mata da dalilin shigowarsa. A ƙasar da matasa masu digiri suke yawo da takardu a hannu suna neman aiki, ba za a ga laifin hukuma ba idan ta ce gurbi kaza aka buɗe don bukata kaza. Wannan tunani ne ya sa a Fabrairun 2024 gwamnati ta ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi aiki, dala 15,000 a shekara kan darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata, kafin ta dakatar da shi a watan Maris na shekarar bayan 'yan kasuwa sun koka.

Ta biyu, kamfani ya kashe dukiya kafin baƙo ya sauka: kuɗin gurbi da na kati da na jirgi da na gida. Idan mutum zai iya zuwa yau, gobe ya tsallaka wurin abokin gasa, to kamfanin ya zama tsani ke nan, an taka shi an wuce. Ta uku ita ce wadda ta fi shiga ran Bahaushe: alkawari kaya ne. Mutum ya karanta sharuɗɗa da idonsa, ya sa hannu ba wanda ya riƙe masa alƙalami. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mun yarda da hujja ta farko baki ɗaya, mun yarda da rabin ta biyu. Ta uku ce take bukatar a zauna a kanta.

Yarda da Ƙofar Fita

Alkawari yana ɗaure mutum ne saboda da son ransa ya ɗauke shi. To amma akwai alkawarin da yake cinye 'yancin da ya haife shi. Masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill, a littafinsa na 1859 a kan 'yanci, ya yi bayanin cewa ko da mutum ya yarda ya sayar da kansa bawa, cinikin bai ƙullu ba, domin ba a kafa hujja da 'yanci wajen kashe 'yanci. Ba mu ce bizar aiki bauta ce ba, kuma wanda ya faɗi haka ya rena wahalar bayi na gaskiya. Abin da muke cewa shi ne, bambancin ƙodago da bauta yana rataye ne a kan abubuwa biyu: a san iyakar lokaci, kuma a san akwai ƙofar fita. Gwargwadon yadda aka ƙuntata ƙofar, gwargwadon yadda ƙodago yake matsawa kusa da abin da ba ma son kiran sunansa.

A 1970 masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya nuna cewa wanda bai ji daɗin wata ƙungiya ba hanyoyi biyu gare shi, ko ya fita ko ya yi magana, kuma maganar tana samun ƙarfi ne idan an san mai ita zai iya fita. Bahaushiya ta daɗe da sanin wannan, shi ya sa yaji yake da tasiri: miji yana sauraron ƙorafi domin ya san akwai gidan iyaye. Matar da ba ta da inda za ta, kukanta a ɗaka yake ƙarewa. Haka baƙon ma'aikaci: idan aka toshe masa fita, an kashe masa murya tun bai buɗe baki ba.

Ɓarnar kuwa ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Tana taɓa ubangidan, domin mutumin kirki ma idan aka danƙa masa ikon da ba mai tuhumarsa, a hankali halinsa yake sauyawa: albashin da ya makara kwana uku sai ya koma wata uku, tunda ya san ba mai tafiya. Tana taɓa ma'aikaci ɗan ƙasa, domin mai ɗaukar aiki zai fifita wanda ba ya iya musu a kan wanda yake iyawa, sai dokar da aka yi don kare ɗan gida ta koma tana rage masa daraja. Tana kuma taɓa mu jama'a, domin mu ne za mu bi ta kan gadar da injiniyan nan ya sa wa hannu yana tsoro. Ashe bakin baƙo da aka rufe, kunnenmu ne aka toshe.

Abin da Magabata Suka Bari

Suratul Ƙasas ta ba mu labarin wani baƙon ma'aikaci. Annabi Musa, Alaihis Salamu, ya baro Masar yana gudun ransa, ya sauka Madyana ba ya da kowa ba ya da komai. Dattijon da ya karɓe shi yana da damar ya ɗora masa duk sharaɗin da ya ga dama, gama tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Amma sai ya yanka masa wa'adi bayyananne na shekara takwas, ya bar ƙarin shekara biyu a hannun shi Annabi Musa, ya kuma nuna ba ya nufin tsananta masa. Da wa'adi ya cika, baƙo ya ɗauki iyalinsa ya tafi, ba wanda ya tare masa hanya. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan ƙissa a babin ijara, inda suka sharɗanta a san aikin ko wa'adinsa, a kuma san lada. Darasin da muka ɗauka shi ne: mai ƙarfin ne ya iyakance kansa, ya bar zaɓi ga mai rauni.

A al'adar fatauci kuma muna da fatoma, wato maigidan zango mai saukar da baƙi. Shi yake ba baƙo masauki, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce shi a gaban mutanen gari. Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Fatoma ma mai ɗaukar nauyi ne kamar kamfanin yau, amma da bambanci guda: falken da bai ji daɗin fatomansa ba, in ya dawo baɗi sai ya sauka a gidan wani. Wannan ne ya sa jarin fatoma sunansa ne, yana riƙe baƙi da kyautatawa, domin ba ya da wata igiya sai ita.

Tarihinmu yana da ɗaya fuskar kuma, kada mu ɓoye ta. A zamanin bauta akwai murgu, inda bawa yake fita ya yi sana'arsa, ya riƙa biyan ubangidansa wani kaso. Yana yawo a kasuwa kamar ɗa, yana da kuɗi a aljihu, amma ba ya da ikon rabuwa sai ya fanshi kansa. Sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewacin Nijeriya. Duk tsarin da muka kafa wa baƙo, ya kamata mu tambayi kanmu: da na fatoma ya fi kama, ko da na murgu?

Laifi Tudu Ne

Mun iya wannan magana sarai idan namu ne a hannun wasu. Ba unguwar da ba a taɓa jin labarin 'yar aikin da ta je ƙasashen Larabawa ba, aka karɓe mata fasfo, ta gudu daga gidan uwar ɗakinta, ta wayi gari mai laifi a idon doka. Tsarin kafala ke nan, inda zaman baƙo yake hannun kafili. Su ma can sun fara sassautawa: a 2020 Katar ta soke sharaɗin neman yardar ubangida kafin sauya aiki, a Maris na 2021 Saudiyya ta yi nata gyaran, ko da yake bai haɗa da masu aikin gida ba. A Amurka, tun 2017, ƙwararren da aikinsa ya ƙare ana ba shi har kwana 60 ya nemi wani ko ya shirya tafiya. 'Ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya da suka tafi Ingila su ma da sunan mai ɗaukar nauyi suke zaune. Idan muna jin zafi a can, bai kamata mu rasa ji a nan ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mun kuma ɗanɗani ɗacin kora ta fuska biyu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, Yarabawa da Hausawan zango da yawa suka baro gidajen da aka haife su. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, mutane kusan miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Jakar da suka zuba kayansu har yau sunan wannan kora take amsawa. Wanda yake maigida yau, gobe shi ne baƙo.

Ba kuma sabon nauyi muke neman ɗora wa ƙasarmu ba. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta bauta da aikin tilas ga kowane mutum, bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin ma'aikata baƙi a 2009. Yarjejeniya ta 143 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1975, ta tanadi cewa rasa aiki shi kaɗai bai isa ya mayar da baƙon da ya shigo bisa ƙa'ida mai zaman haram ba.

Haƙƙin Mai Tafiya da Haƙƙin Mai Gida

Kada mai karatu ya zaci mun wanke baƙo tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yancin tafiya bai sauke amana ba. Wanda zai ajiye aiki ya ba da sanarwa gwargwadon wa'adin da aka ƙulla, ya miƙa aiki a fili ba tare da ɓoye makulli ko sirrin na'ura ba, ya biya abin da yake kansa na gaskiya. Mafi girma duka, ya koyar da waɗanda aka haɗa shi da su. Akwai baƙin da suke ɓoye ilmi don kada a iya yi ba su, su shekara goma ɗan koyo bai wuce riƙe musu jaka ba. Wannan cin amanar ƙasar da ta karɓe su ne. Malamanmu har yau suna ambaton malaman Indiya da Pakistan da Masar da Gana da suka koyar a makarantun Arewa a shekarun 1970 da 1980. Da yawansu sun tafi da darajar naira ta faɗi bayan 1986, ba kuma wanda ya zage su, domin sun bar ɗalibai a bayansu.

Shi kuma maigida, hasarar da ya yi ta kuɗi ce, kuma da kuɗi ake rama ta. Ya rubuta a kwantiragi abin da za a mayar masa idan an tafi kafin lokaci, in an yi gardama ga Kotun Ma'aikata nan. Amma riƙe fasfo, ko hana takardar saki don huce haushi, ko danne haƙƙin ƙarshe har sai mutum ya durƙusa, wannan garkuwa da mutum ce da sunan bin bashi. Ita kuwa hukuma, makullin ƙofar ƙasa nata ne, bai dace ta ba ɗan kasuwa ajiyarsa ba. Ta tanadi wa'adi sananne bayan ƙarewar aiki, wanda baƙo zai nemi wani gurbi ko ya tattara iyalinsa a natse, ta kuma sa sauya aiki ya zama tsakaninta da shi, ba sai da albarkar wanda yake gudu daga gare shi ba.

Naɗewa

Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mun saba fassara karin maganar nan da cewa baƙo ba ya daɗewa, don haka kada a dogara da shi. Amma tana da wata ma'ana ga mai lura: raɓa tana sauka da kanta, ta jiƙa shuka, ta tashi da kanta, kuma ba manomin da ya taɓa ɗaure ta. Ingancin ɗaukar aiki ana gane shi ne ranar rabuwa fiye da ranar haɗuwa. Idan injiniyan da muka ƙaddara zai iya mayar da alƙalami ya ce ba zai sa hannu ba, ya kwana a gidansa ba da fargabar wayewar gari ba, to zamansa da mu zaman yarda ne, kuma gadar da ya gina abin takawa ce da kwanciyar hankali. Idan kuwa ba zai iya ba, sai mu binciki kanmu kafin mu binciki na nesa.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana, ko muna gida ko muna baƙunci, Ya kuma sa duk rabuwarmu ta zama ta arziki.